Hannun da Ba a Miƙa wa Miji

Na sayi na'urar awon hawan jini ne a shekarar da wani abokin aikinmu ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo, da alli a hannunsa, yana cikin rubuta kwanan wata. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi da karkataccen baki, mu kuwa muka tashi da ilmi. Cikin mako biyu ɗakin malamai ya cika da likitoci. Malamin tarihi ya haramta wa kansa gishiri daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyu na rana, wato iya lokacin da muke ganinsa. Malamin lissafi ya riƙa zuwa da tafarnuwa a aljihu yana tauna, har muka koma yi masa magana daga bakin taga. Ni da nake koyar da ilmin halittu, na fi shekara ashirin ina zana zuciya a allo da jan alli da shuɗi, ban ga yadda za a yi in zauna a sahun 'yan tafarnuwa ba. Na je kemis na sayo na'ura mai batir, irin wadda ake naɗa wa mutum a damtse, ta kumbura ta matse shi, sannan ta saki ta nuna lambobi.

Da na kawo ta gidanmu a Yalwawa, cikin garin Dutse, sai da na yi alwala na zauna na karanta takardar da ke cikin kwalin tun daga farko har ƙarshe. Ni mutum ne mai girmama rubutu. Ko takardar da aka naɗo mini ƙosai a ciki sai na duba abin da ta ƙunsa. A shafi na biyu akwai hoton wani mutum mara fuska, yana zaune a kujera, an naɗa masa abin a hannun hagu. A ƙasan hoton kuma an rubuta cewa a karon farko a auna hannu biyu, a ga wanda ya fi. Na karanta wannan layin. Ina so a san na karanta shi, don kada wani ya yi mini uzuri da jahilci.

Uwargida, ita kaɗai ce amma haka nake kiranta, 'yar alaramma ce daga Jahun. A gidansu, hannun hagu yana nan ne kamar baƙon da ba a gayyata ba: ba a kore shi ba, ba a kuma gabatar da shi ga mutane. Ba a ci da shi, ba a karɓa da shi, ba a nuna hanya da shi. Ta taɓa ba ni labari cewa tana 'yar shekara shida ta miƙa wa kakarta ludayi da hagu, tsohuwar ta dubi ludayin ta dubi sama, ta bar ta tsaye a haka har hannun ya gaji ya sauka da kansa. Tun daga ranar ba ta sake ba. Shekara goma sha bakwai muna tare a lokacin, ban taɓa karɓar ko allura daga hagunta ba. Idan damarta da ƙullu, sai ta kama abu da gefen zani ta miƙo, ko ta ɗora bayan hannun dama a ƙarƙashi.

Na kira ta tsakar gida, na ajiye mata kujera yadda hoton ya nuna.

"Kawo hagunki."

Ta dube ni kamar na ce ta kawo kan mahaifinta.

"Malam, hagu kuma? Kai zan miƙa wa hagu?"

"Ai ba ni za ki miƙa wa ba, na'ura ce."

"Wa ke riƙe da na'urar?"

Wannan tambaya ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Namijin da ya yini yara suna kwaikwayon tafiyarsa a bayansa, idan ya dawo gida aka nuna masa cewa hagu ba ta isa ta tunkare shi ba, wani abu yana narkewa a ƙirjinsa. Sai na gyara zama na yi mata darasi. Na ce a kimiyyance jini ɗaya ne ke zagaya jikin ɗan Adam, famfo ɗaya ke tura shi, abin da ya je dama shi ya je hagu, masu rubuta takardar nan kuwa mutanen wata ƙasa ne da ba su san ladabi ba. Ta miƙo dama. Na'ura ta yi gurnani, ta matse, ta saki. Ɗari da biyar bisa saba'in.

"Jinin yarinya," na ce. "Za ki binne mu duka."

"Allah ya kiyaye bakinka," ta ce, ta koma madafa.

Washegari na ɗauko sabon littafin rubutu mai bango mai kauri, na ja layuka da rula: rana, lokaci, na sama, na ƙasa, bayani. Kowace safiya bayan karin kumallo nakan auna kaina in auna ta. Nawa yakan yi sama ya yi ƙasa gwargwadon yadda shugaban makaranta ya tashi. Nata kuwa kullum a kwance, ɗari da 'yan kai, wani lokaci ma ƙasa da ɗari. A gurbin bayani nakan rubuta da jan biro, "Madalla." Shekara uku ina ba matata maki.

A cikin shekarun nan uku ne ta fara ƙorafi. Da farko gajiya. Sai zazzaɓi mai zuwa da yamma ya tafi, wanda muka sha masa maganin cizon sauro har mai kemis ya daina tambaya. Sai ciwon kai a ƙeya. Sai ta ce hannunta na dama yana mutuwa idan ta yi daka, ta ɗaga taɓarya sau goma sai ya yi sanyi kamar ba nata ba. Duk lokacin da ta faɗa, nakan ɗauko na'ura, domin ni ba na aiki da zato. Na'ura ta matse damtsen dama ta ce lafiya lau. Ni kuma in juya mata fuskar na'urar ta gani da idonta, yadda ake nuna wa ɗalibi amsar da ke bayan littafi.

"To ni dai ina jin abin da nake ji," takan ce.

"Ji daban, awo daban," nakan ce. Har na so jimlar nan, na faɗe ta a aji.

Ba ni kaɗai na auna ta ba, kada a ɗora mini duka. Ta je wani ƙaramin asibiti sau biyu ko uku. A can layi yana da tsawo, ma'aikaciya tana cewa "kawo hannu" ba tare da ta ɗago kai ba, mai ladabi kuwa ya san hannun da ake kawowa. Kati ya cika da lambobi masu kyau. Aka ba ta maganin ƙarin jini, aka ce ta rage tunani, shawarar da ake ba kowace mace a ƙasar nan tun daga ranar da aka kai ta ɗaki.

Yayata, wadda muke ciki ɗaya, tana aure a Garki, takan zo mana duk bayan 'yan watanni ta duba ko mun lalace. Ita ba ta da na'ura, amma ba ta taɓa rasa sakamako ba. A wani zuwa ta zauna a tabarma ta kalli uwargida tana hutawa tsakanin ɗebo ruwa da wanke shinkafa, ta ce da ni, da muryar da aka yi don a ji a madafa:

"Ɗan nan, ba ka ce ka gwada ta ba?"

"Na gwada, Yaya. Kullum ina gwadawa."

"Me ya nuna?"

"Lafiya ƙalau."

"To ai shi ke nan. Sunan ciwon son jiki. Mu da muka yi surfe da tsohon ciki ba mu san hannu yana mutuwa ba."

Ban ce e ba. Ban kuma ce a'a ba. Na tsaya a tsakiya kamar yadda ya dace da mai ilmi, da littafina a hammata.

A wannan zuwan ne aka yi abin tuwo. Uwargida ta fara wata ɗabi'a ta tura ƙyauren madafa idan za ta tuƙa tuwo, na ɗauka saboda kaji ne. Yaya kuwa ba ta yarda da rufaffen ƙyaure ba a rayuwarta. Ta tashi ta tura, ta tarar da muciya a hannun hagu, dama tana rataye a gefe kamar rigar da aka manta a igiya. Salatin da Yaya ta yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Da hagu! Tuwon da ƙanena yake ci! Tun yaushe?"

Uwargida ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun kafin azumi, Yaya. Damar ce ba ta iyawa."

"Ba ta iyawa, ko ba ta ga dama ba? Gidan malamai guda!"

Ranar Yaya ba ta ci tuwo ba, sai da aka sayo mata gurasa. Ni na ci, amma a hankali, da fuskar mai nazari. Matar da ta gwammace a yanke mata hagu da ta miƙa mini cokali da ita ta koma tuƙa tuwon gida da hagun a ɓoye, wata huɗu. Duk mai rabin hankali zai tambayi kansa me ya sami damar. Ni da nake da cikakken hankali da takardar shaida, sai na yi mata nasiha a kan kiyaye abin da zai sa a zagi iyayenta. Ta ce to. Ta koma tuƙi da dama, tana yi tana tsayawa, tuwonmu ya riƙa fitowa da gudaji, na kuma yi haƙuri da gudajin, na ji a raina ni miji ne mai sauƙin kai.

Daga nan ƙafafunta suka fara kumbura, takalmin zuwa unguwa ya daina shiga. Ta ƙara matashin kai ɗaya, ta ƙara na biyu, ta ce idan ta kwanta daidai numfashi yana guje mata. Na rubuta "Madalla" a duk waɗannan ranakun, ana iya dubawa.

Wata ranar Asabar muka je barkar haihuwa a wani gida da ke gindin duwatsu, inda adaidaita sahu ba ya iya hawa. 'Yar gangara ce, yara suna hawanta da gudu da tallar dabino a ka. Muna tsakiya ta tsaya, ta dafa wani dutse, ta zauna a kansa da sabuwar lafayarta. Na juyo zan ce mata mutane suna kallo. Sai na ga leɓɓanta. Na sha zana launin nan a allo da shuɗin alli, ban taɓa ganinsa a fuskar mutum ba. Tana jan iska kamar mai shan kunu mai zafi, ba ta iya haɗa kalma biyu. Abin da ta iya cewa shi ne, "Malam... ka auna... ka gani." Ban san ko da gaske take ba ko baƙar magana ce. Har yau ban tambaya ba.

A babban asibiti aka sa mata iska, aka yi mata allurar da ta sa ta yi ta fitsari, numfashi ya dawo. Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, ba za ta girmi ɗaliban da na yaye shekara goma da suka wuce ba, abin da ya sa na ji tausayinta tun kafin ta buɗe baki. Na miƙa mata littafina da hannu biyu. Ta buɗe, ta juya shafi uku, ta ce, "Baba, rubutunka yana da kyau." Sannan ta ajiye shi a gefe, ta rubuta gwaje-gwajen jini, ta ce akwai guda ɗaya da take so a yi da sauri.

Washegari da hantsi sakamako ya fito. Likita ta kira ni gefen gado, uwargida tana jingine tana jinmu.

"Baba, wannan gwajin na wani sinadari ne da zuciya take fitarwa. Homon ne. Idan zuciya tana turawa da ƙyar, bangonta yana miƙewa fiye da ƙima, sai ta sake shi cikin jini. Aikinsa ya sa ƙoda ta zubar da ruwa da gishiri, jijiyoyi su saki, don nauyi ya ragu. Mu kuma idan muka auna yawansa, muna gane irin wahalar da take sha."

"Na sani," na ce. Ban sani ba. Ba ya cikin manhaja. Zuciyar da nake koyarwa famfo ce mai ɗaki huɗu, ba ta kai ƙara.

Ta nuna mini takardar. A gefe an rubuta iyakar da ake so, ɗari da 'yan kai. A gurbin uwargida akwai lamba mai gida huɗu. Na ƙirga gidajen sau biyu da yatsa.

"Zuciyar Mama ta daɗe tana kuka," likita ta ce. "Wannan ba na jiya ba ne. Abin da ban gane ba shi ne me take turawa haka. Irin wannan mun fi ganinsa ga mai hawan jini na shekaru."

Nan fa aka zo fagena. Na ɗauko littafi na buɗe mata, na ce ga shekara uku ba fashi, ko ranar sallah ban tsallake ba, matata ba ta da hawan jini, kuma da dukkan girmamawa, ɗakin gwaji mutane ne a ciki, mutane kuwa suna musanya kwalba. Na ba da shawarar a sake. Na ce a kimiyyance awo ɗaya ba ya rushe awo dubu.

Ba ta yi musu da ni ba, abin da ya fi ba ni haushi. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Mama, kawo hannu." Uwargida ta miƙa dama. Likita ta ɗora yatsu uku a wuyan hannun. Ta matsa sama, ta matsa ƙasa, ta rufe ido. Ta daɗe har na fara jin kunya a madadinta, na yi niyyar nuna mata wurin.

"Kawo ɗayan."

Uwargida ta dube ni. Tana kwance da robar iska a hanci, ƙafafu kamar turmi, amma ta dube ni tana neman yadda za ta yi da tarbiyya.

"Likita, hagu ce fa."

"Na ga alama, Mama. Biyu ne dama, na gama da ɗaya."

"Ki yi haƙuri dai. Ba raini ba ne."

"Na yafe. Kawo."

Ta miƙa hagun, tana tallafe da gwiwar hannun da dama, yadda ake yi idan dole ta sa. Likita ta taɓa, nan take ta ɗago kai. Ta kama yatsuna ba tare da neman izini ba ta ɗora a damar uwargida. Ban ji komai ba, kamar na taɓa ƙafar kujera. Ta mayar da su hagu. A nan jini yana dukan yatsuna kamar mai bin ƙofa da dutse. Ta naɗa na'urarsu a dama, ta nuna ɗari da biyu, lambar da na sani, ƙawata ta shekara uku. Ta kwance ta naɗa a hagu. Ɗari da casa'in da wani abu. Ta sake, ta kuma aunawa a ƙafa. Duk ɗaya.

"Baba, a wane hannu kake aunawa?"

"Dama."

"Kullum?"

"Kullum."

"Ba ka taɓa gwada ɗayan ba?"

Uwargida ce ta amsa, a hankali, ta cikin roba. "Jini ɗaya ne ke zagaya jikin ɗan Adam, likita. Famfo ɗaya ne."

Likita ta dube ta, ta dube ni, ta sunkuya tana rubutu. Yarinyar tana da tarbiyya, ban ga haƙoranta ba, amma na ga kafaɗunta.

Sauran bayanin a Kano aka kammala shi, bayan hoton zuciya da wani hoton da ake zuba wa mutum ruwa a jijiya kafin a ɗauka. Ciwo ne na kumburin bangon manyan jijiyoyin jini. Garkuwar jiki ce take rikicewa ta far wa jijiyoyin, bangonsu ya yi kauri, hanya ta tsuke. Ya fi kama mata, kuma yana farawa da zazzaɓi da gajiya, irin abin da ake sha wa maganin sauro a kuma kira son jiki. A jikin uwargida ya tsuke jijiyar da ke kai jini hannun dama, shi ya sa hannun ke mutuwa a daka, shi ya sa kuma na'ura ke samun ɗan abin da ya tsallake ta ce mana madalla. Ya taɓa ta ƙoda, wannan ya tayar da hawan jinin gaske a sauran jiki. Zuciya ta shekara uku tana tura kaya a kan tudu. Babban likitan can ya ce sinadarin nan ba ya faɗin sunan ciwo, akwai wasu gwaje-gwajen da ke nuna zafin kumburin, amma shi ne ke nuna ko zuciya tana samun sauƙi ko tana ƙara nitsewa, don haka za a riƙa auna shi lokaci lokaci. Na tambaye shi, da an gano da wuri fa? Ya ce, "Malam, yanzu dai an gano." Na gane amsar. Ni ma haka nake ce wa uban da ya zo tambaya bayan an kafe sakamakon jarrabawa.

Da aka sallame mu uwargida ta ce sai mun biya Jahun. Abin da ke damunta ba zuciya ba ce: an ce daga yau kullum hagu za ta riƙa miƙawa, ga miji, ga likita, ga duk wanda ya zo da na'ura, tana so ta ji daga bakin mahaifinta. Muka tarar da alaramma a zaure a kan buzu, ana ta karatu a waje. Na tsuguna daga bakin ƙofa a gefen tabarma, inda suruki ke tsugunawa. Ta yi masa bayani duka, har da tuwo. Tsohon ya saurara yana jan carbi, bai katse ta ba.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ta, "na ce ki ci da dama, ki karɓa da dama, ki bayar da dama. Yaushe na ce ki mutu da dama?"

Ya ci gaba:

"Wanda ya halicci wannan shi ya halicci wancan. Ki miƙa musu. Idan ƙafa suka ce, ki miƙa ƙafa." Sannan ya juyo wajena, abin da bai cika yi ba. "Ita dai ta ce ladabi, na ji. Kai da ka yi boko, me ka ce?"

"Na ce jini ɗaya ne, Allah gafarta Malam."

Ya ja carbi uku.

"To. Allah ya ƙara ilmi."

Na ce amin. Babu wani abin da ake cewa.

Maganin kumburin ya cika mata fuska cikin wata biyu, kumatu suka fito kamar na jaririya. Yaya ta zo dubiya da kaza, ta tsaya ta ƙare mata kallo ta ce, "Kin gani? Har kin yi kyau. Dama na faɗa hutu take nema." Na buɗe baki zan yi bayanin yadda maganin ke tara kitse a fuska, uwargida ta girgiza mini kai. Ranar 'yarmu ta fari ce ta tuƙa tuwo, da dama, Yaya ta ci malmala biyu. Da za ta tafi ta tsaya a zaure ta ce da ni ƙasa ƙasa, "Ɗan nan, wai da gaske hannun babu jini?" Na ce akwai, kaɗan ne. Ta ce, "Kai kuma kana zaune da inji." Ta gyara mayafi ta fita. A Garki yanzu labarin da ake bayarwa shi ne Yaya ce ta fara lura.

Duk bayan wata uku muna zuwa a ɗebi jini. Na koyi jiran takardar nan yadda ɗalibaina ke jiran tawa. Karo na farko lambar ta ragu amma tana nan da gida huɗu. Karo na biyu ta ɗan hau, aka ƙara magani, na kwana biyu ban yi wa kowa darasi ba. A na huɗu ne ta sauko gida uku. Likitarmu ta Dutse, wadda yanzu nake tashi tsaye idan ta shigo, ta ce kada mu sa rai za ta koma ɗari da 'yan kai. Bangon zuciyar ya riga ya yi kauri, abin da ya tafi ya tafi, amma wanda ya rage zai iya kai ta nesa idan aka bi shi a hankali. Ba daka, ba ɗaukar bokiti. Gangarar gindin duwatsu kuwa ta hau ta bara, da hutu biyu, ta shiga gidan ta yi barkar da ta makara da shekara biyu. Yaron har yana gudu.

Kowace safiya bayan karin kumallo ina naɗa mata na'ura a hagu. Ta daina ba da haƙuri, amma har yanzu tana tallafo gwiwar hannun da dama, ban kuma hana ta ba. Sabon littafin ba shi da gurbin bayani. Tsohon kuwa na nema in ƙona, ta ce a bar mata, yana cikin adakarta tare da zannuwan fita. Duk ranar da ta ce tana jin wani abu a jikinta, na gyara murya na fara da "a kimiyyance", sai ta tashi a hankali, kamar yadda likita ta ce ta riƙa tashi, ta shiga ɗaki ta ɗauko shi, ta ajiye kusa da kwanon abincina. Da dama take ajiyewa. Ni kuma in je in nemo adaidaita sahu.